Yadda Aka Mai da Yayata Malama

Yayata ta shiga jami'a da furfura a gefen kunnenta. Ni kuwa na riga ta shiga da daɗewa, sai dai ba karatu ya kai ni ba. Shagon fotokofi nake da shi a ƙasan benen sashen kimiyya, wani ɗan lungu tsakanin matakala da ɗakin ajiye tsintsiya. Inji ɗaya ne mai zafi da cin takarda, benci ɗaya, sai taga da ba ta buɗuwa. Duk maganar da ake yi a ginin nan sai ta biyo ta gabana, domin ɗalibi in yana jiran takardarsa bakinsa ba ya iya zama shiru.

Yaya ce babbarmu. Innarmu ta rasu tana ajin ƙarshe na sakandare, ta gama jarrabawa ta ajiye jakar makaranta ta ɗauke mu gaba ɗaya. Ita ta yi mana wanka, ita ta je makarantunmu in an kira iyaye, ita ta aurar da mu. A gidanmu maganarta ba ta da ta biyu. Akwai ranar da ta saukar da mu daga mota a tashar da ba tamu ba, muna gani muna sane, muka bi ta muka taka sauran hanyar a ƙafa cikin rana, ba wanda ya ce uffan.

Aikinta a ɗakin gwajin jini na wani asibiti yake, amma ba can ciki wurin na'urori ba, a bakin taga. Ta miƙa wa mutum 'yar kwalba, ta nuna masa ƙofar banɗaki, ta manna suna, in sakamako ya fito ta ninke ta ba shi. Kowa kuma sai ya tambaye ta, "Me ya nuna?" Amsarta ɗaya ce: "Likita zai yi maka bayani." Shekara da shekaru tana faɗin haka, har fuskarta ta koyi zama wuri ɗaya. Ko murna take ko tashin hankali, ba ka isa ka karanta ba.

Da autarmu ta tare a gidan mijinta, sai Yaya ta ce min wata rana, "Na gaji da miƙa wa mutane abin da ban san me ke cikinsa ba." Na ɗauka zance ne na gajiya. Ashe ta sake zana jarrabawa a ɓoye, har an ba ta gurbin karatun kimiyyar gwaje-gwaje. Shugabanta a wurin aiki ya yarda ta riƙa tashi da wuri, amma na shekarar nan kawai, ya ga kamun ludayinta. Sashen kuma yana da doka: duk wanda ya faɗi kemistiri a zangon farko, an cire shi daga kwas ɗin. Yaro ɗan sha takwas in an cire shi zai nemi wata ƙofa. Yaya ba ta da wata ƙofar, in ta faɗi bakin tagarta za ta koma har ritaya.

Sashen yana da wani tsari mai kyau, ban hana su ba. Sun lura a kemistiri 'yan shekarar farko suke zubewa, domin a wani makeken ɗaki ake lacca, wanda ke baya sai dai ya hango bakin malami yana motsi. Sai suka rarraba sababbin ɗalibai rukuni-rukuni, kowanne bai kai mutum goma ba, su riƙa haɗuwa da yamma a ƙaramin ɗaki suna warware abin da ya ɗaure musu kai. Kowane rukuni da jagoransa, wani daga manyan ɗalibai ko ƙananan malamai. Ranar da aka tara su aka yi musu bayani, an ja musu kunne cewa jagora ba zai ba su amsa ba, tambaya zai yi ta jefo musu har su gano da kansu, wani lokacin ma zai yi kuskure da gangan don ya ga ko a farke suke. Yaya ba ta ji wannan bayani ba, ba ta ma san akwai wani jagora ba. Tana can tana miƙa kwalabe.

Ranar zaman farko daga wurin aiki ta wuto kai tsaye, a makare. Ku dubi abin da yaran suka gani. Mace mai shekaru, tabarau rataye da igiya a ƙirji, katin ma'aikata a wuya, ga farar rigar aiki da ta sha wanki har wuyanta ya saki, alhali nasu sababbi ne fil, layin ninki ma bai baje ba. Ga kuma fuskar nan tata. Suka miƙe gaba ɗaya.

"Sannu da zuwa, Malama."

To, mace irin Yaya wa bai kira ta Malama ba? Direba yana kiranta haka, mai kanti yana kiranta haka, wanda ya taka mata ƙafa a layi ma da haka yake ba ta haƙuri. Ta ce a ranta, kai, yaran nan akwai tarbiyya. Ɗakin kuwa dogayen kujeru ne marasa majingina, sai guda ɗaya tak mai majingina a gaban allo. Wata yarinya ta goge ta da hannun riga ta ce, "Bisimilla, Malama." Yaya mai ciwon baya ta gode wa Allah ta zauna.

Jagoran na gaskiya ya iso jim kaɗan bayan haka. Wani siririn saurayi ne ɗan ajin ƙarshe, muna kiransa Jar Jaka don ba ya rabuwa da jakar goyonsa ja. Ya leƙa ta gilashin ƙofa, ya ga babbar mace a kujerarsa, ɗalibai sun yi tsit. Ya ce lallai an sauya shi da wata ta sama ba a gaya masa ba. Ya shiga ya tambaya? Ina! Shi ma akwai tarbiyya. Ya lallaɓa ya sauko matakala.

Daga nan labari ya fara zuwa min ta baki uku, ban kuma san abu ɗaya ba ne. Yaya ba ta shigowa shagona, ta ce ba ta zo jami'a zaman hira ba. A tashar mota ta bakin ƙofa muke haɗuwa in an tashi, mu shiga mota ɗaya zuwa unguwa, a nan take sauke min.

"Yaran nan ban gane kansu ba," in ji ta. "In na ce ban gane ba, sai su dubi juna, ɗaya ya tashi ya maimaita min da Turancin da ya fi na farko tsauri, yana zufa. In na ce har yanzu ban gane ba, sai su ce in ba su zuwa jibi za su sake dubawa. Me za su duba? Ni ce fa ban iya ba."

"Ƙila su ma ba su iya ba ne," na ce.

"Sun iya mana. In na fita shan ruwa ina jiyo su suna musu kamar za su daki juna. Ina dawowa sai tsit. Ko warin asibiti nake yi ne?"

Baki na biyu na wata yarinya ce da abokanta ke kira Barkono, 'yar ƙarama, ba ta da jiki sai baki. Kullum sai mun yi da ita a kan wai tawada ta yi fari.

"Wallahi, Anti, Malamar rukuninmu muguwa ce," ta ce min tana jiran takarda. "Ko sau ɗaya ba ta taɓa ba mu amsa ba. Ka gama zuba bayani, ta dube ka ta saman tabarau ta ce, 'Ban gane ba.' Jiya ta tashi ta rubuta wani abu a allo da ɗan sakandare ma ba zai rubuta ba, ta juyo ta ce, 'Haka ne?' Fuskar nan ko gezau."

"Kuka ce mata me?"

"Me za mu ce? Muka ce haka ne, Malama. Muna fita muka ruga ɗakin karatu muka tono abin tun daga tushe. Har lacca take shiga fa, ta zauna can baya kusa da ƙofa tana rubutu. An ce malaman take dubawa, ta kai rahotonsu sama."

Kada wanda ya ce min ai tabarau ɗin ya isa in gane. Rabin ma'aikatan ginin nan ta saman tabarau suke kallon mutane.

Baki na uku Jar Jaka ne. Da yake ba shi da rukuni, a bencina yake kashe yammacinsa, jaka a cinya, yana kallon injin kamar talabijin.

"Anti, in an cire mutum daga aiki ba a gaya masa ba, ya je ya tambaya ko ya yi shiru?"

"Ka je ka tambaya mana, bakinka ciwo yake?"

"Kada a ce na raina wadda aka sa. Babbar mace ce fa."

Haka aka yi ta tafiya. Yara suna ƙara ƙwarewa saboda tsoron Malama, Malama tana ƙara nutsewa. Ta daina yi min magana a mota, sai ta buɗe littafi a cinya tana kallon shafi ɗaya har mu sauka. Raina ya ɓaci da yaran da ban sani ba, na ce in na gan su sai na gaya musu ba daɗi, alhali kullum suna gabana ina ba su takarda.

Aka yi gwajin tsakiyar zango. An raba ɗalibai ɗakuna daban-daban, don haka nan ma asiri bai tonu ba. Ranar da aka dawo musu da takardunsu, sai ga Yaya a ƙofar shagona, karon farko. Ta ninke takardar irin ninkin da take wa sakamakon marasa lafiya. Ta wuce bayan inji ta zauna a kan kwalin takardu.

"Zan bari," ta ce. "Kan ya tsufa. Gara in koma da ƙafata kafin a kore ni."

Tana rufe baki sai ga Barkono da wasu samari biyu sun faɗo shagon suna ihu. Suna ganin Yaya suka ƙame.

"Malama! Ina wuni, Malama. Duk mun ci, Malama, albarkacinki."

Jar Jaka ya zabura daga benci, ya rusuna har jakarsa ta zame. "Ranki ya daɗe, ni ne wanda kika maye gurbinsa."

"Gurbin wa?" in ji Yaya.

"Wace Malama?" in ji ni.

"Malamarmu mana, Anti," in ji Barkono. "Wadda nake ba ki labari."

"Muguwar?"

Barkono ta zaro ido kamar za ta haɗiye harshenta. Yaya ta dube ni, ta dubi yaran, ta dubi saurayin da har yanzu bai ɗago ba. "Wai me ake cewa ne? Wa na maye? Ni ban maye kowa ba, kujera aka ba ni na zauna."

"Ai kujerar jagora ce," in ji Jar Jaka a hankali.

"Wane jagora?"

Sai Yaya ta warware takardarta ta miƙa wa Barkono. Jan biro ya cika ta tun daga sama har ƙasa. Yarinyar ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Malama, wannan na wane ɗalibi ne?"

"Nawa ne."

"Wato duk 'ban gane ba' ɗin nan da kike cewa..."

"Ban gane ba ne, 'yar nan. Da me kike so in ce?"

Na yi dariya har na dafa inji ya ƙona min hannu. Da na dubi Yaya sai na daina dariyar, domin a karon farko na iya karanta fuskarta. Kunya ce, da wani abu mai kama da maraici.

Za ku ce ai shi ke nan, an warware. Ni ma haka na zata. Jar Jaka ya koma rukuninsa, yaran suka yi ta ba da haƙuri, Yaya ta yarda ta ƙarasa zangon. Sai dai Malama ta tafi, Mama ta zo. Kujerar nan suka hana kowa zama sai ita, Jar Jaka a tsaye yake jagorancinsa. In ta yi kuskure sai ya shafa ƙeya ya ce, "E to, Mama, ana iya kallonsa ta haka, sai dai wataƙila in aka ɗan sake dubawa..." Kafin ya kai ƙarshen zancen ya tausasa shi har ba ta san ko ta yi daidai ko ta ɓata ba. Su kuma yaran sai gyaɗa kai.

"Da Malama da Mama duk kanwar ja ce," ta ce min a mota. "Sun kulle ni a cikin girmamawa sun tafi da makulli. Ga jarrabawa tana ƙaratowa."

Ta gwada fitar da kujerar zuwa baranda ta hau doguwar da ciwon bayanta. Suka dawo da ita. Ta sake fitarwa, suka sake dawowa da ita, har da matashi a kai.

Ana saura 'yan kwanaki jarrabawa na hau sama kai musu tsofaffin tambayoyin da suka ba ni in buga. Na tarar Yaya ce a gaban allo da alli a hannu. Abin da suke yi, yadda aka bayyana min daga baya, daidaita lissafi ne: sinadarai biyu sun haɗu sun ba da ruwa, ana so abin da ke hagu ya yi daidai da abin da ke dama. Akwai ƙananan lambobi a gindin haruffa, akwai kuma manya da ake sawa a gaba. Yaya ta ga harafin O na dama ya gaza na hagu, sai ta ɗora masa 'yar ƙaramar biyu a gindi. Ta juyo.

"Haka ne?"

Jar Jaka ya kai hannu ƙeya. "E to, Mama..."

"Ba haka ba ne!"

Barkono ce. Ta diro daga kujera, kujerar ta kife a bayanta.

"Ba haka ba ne, haba! Kullum sai zagaye-zagaye muke yi, ga jarrabawa ta zo! Ba a taɓa lambar ƙasa, ta gaba ake sawa! Kin san me kika rubuta? Kin mai da ruwan sha ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Shi za ki ba mutum ya sha?"

Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta toshe shi da hannu biyu. Ni kuwa jinina ya hau kai, domin tun da nake ban taɓa jin an ɗaga wa Yaya murya ba. Na ajiye takardu na buɗe baki zan wanke yarinyar nan tas. Yaya ta ɗaga min hannu ba tare da ta waiwayo ba. Allon take kallo.

"Mai kumfar nan? Na cikin kwalba mai duhu?"

Barkono ta gyaɗa kai, hannu a baki.

"Sauke hannun ki gaya min. Wato lambar ƙasan..."

"In kika taɓa ta, abin ya tashi daga ruwa ya zama wani abu daban," in ji Barkono. "Ta gaba ce ke faɗin guda nawa ne."

Yaya ta sake duban allon. Sai ta sa tafin hannu ta goge 'yar biyun, ta rubuta babba a gaba. "Yanzu fa?"

Wani yaro mai shiru-shiru da ke lungu, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya ce, "Yanzu kin gyara O kin ɓata H."

"To ku gaya min mana, kuna zaune kuna kallona!"

Sai ɗakin ya ɓarke. Wannan ya ce hagu, wancan ya ce a bar ta ta gano da kanta, Barkono ta ce a yi mata shiru ita ta fara. Yaya tana tsakiya, alli ya ɓata mata goshi, tana musu da yaran da ta isa ta haifi kamarsu, ana kayar da ita tana tashi. Jar Jaka ya duba hagu ya duba dama, ya ga ba mai kallonsa, ya zauna a kujerar mai majingina.

Ta ci jarrabawar, da kyar, irin cin da ba a yi wa guɗa, amma ta ci, tana nan a kwas ɗinta har yau. Ni dai ba ranar sakamakon ce ta zauna min a rai ba, motar yammacin ranar allon nan ce.

Mun samu wuri a baya. Ba ta buɗe littafi ba. Ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirji, na ga idonta ya cika.

"Bar ni da yarinyar nan," na ce. "Gobe za ta zo shagona."

"Kada ki kuskura." Ta share ido da bakin mayafi. "Kin san rabon da wani ya dube ni ya ce min ba haka ba ne? Tun Inna tana da rai. Ku kuwa duk abin da na ce sai ku ce to. Makarantar da na sa ki, gidan da muka koma, auren auta, kin ɗauka sani na yi? Yarinya ce ni fa lokacin da na fara riƙe ku. Ina faɗa ina kallon fuskokinku ko wani zai ce a'a, Yaya, ki sake dubawa. Ba wanda ya taɓa cewa."

Tausayinta ya kama ni, haushin kaina ma ya kama ni, na juya ina kallon titi. Motar ta rage gudu ta tsaya a gaban wani kantin magani. Yaya, da idonta jiƙe ba tabarau, ta tattara jaka ta miƙe. Saura tasha ɗaya a kai tamu. Har na ɗauki tawa jakar na fara tashi.

Sai na kamo gefen rigarta.

"Ba nan ba ne, Yaya. Zauna."

Ta leƙa ta taga, ta dube ni, ta koma ta zauna.